Bayan Guangzhou, ina zan nufa a ƙasar Sin?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Shekara shida ke nan ina zuwa Guangzhou sarin kaya, amma in ka ɗauke otal da kasuwa da filin jirgi, babu abin da zan iya cewa na sani a Chaina. Bana ina so idan na gama lodin kwantena in ƙara mako biyu in ga ƙasar da idona. Yaya yanayin ƙasar yake, waɗanne garuruwa ne suka cancanci a je, kuma ta ina zan fara? Batun abinci da sallah ma yana damuna idan na bar inda na saba."

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku kake nema: ka san fasalin ƙasar da kake ta shiga kana fita shekara da shekaru, ka san inda ya kamata ka kashe kwana goma sha huɗun da ka ware, sannan ka samu natsuwa a kan abin da za ka ci da inda za ka yi sallah. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin na yi shekaru a can, da farko ina ɗalibi, daga baya ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da rakiya, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga mutum ya zo sau goma sha ya koma, duk abin da ya sani unguwar Xiaobei da Sanyuanli a Guangzhou. Kamar baƙo ne ya riƙa zuwa Kano yana sauka a Kwari yana komawa tasha, bai taɓa hawa Dala ba, bai ga ƙofar gidan Sarki ba, bai leƙa marinar Ƙofar Mata ba.

Amsar a taƙaice ita ce mako biyu ba za su ishe ka ganin ƙasar Sin ba, wata biyu ma ba za su isa ba. Abin da za su isa shi ne ka bi layi ɗaya a tsanake, ka tsaya a wuri uku ko huɗu. Amma kafin ka zaɓi layin, sai ka san yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar.

Yadda ƙasar take a shimfiɗe

Faɗin ƙasar Sin ya kai murabba'in kilomita miliyan 9.6, wato Najeriya goma da 'yan kai. Mutanenta kimanin biliyan 1.4 ne, kuma tana iyaka ta tudu da ƙasashe 14, daga Koriya ta Arewa da Rasha har zuwa Fakistan, Indiya da Biyetnam. Daga Guangzhou zuwa Beijing ta layin dogo kilomita 2,298 ne, ya ninka tafiyar Kano zuwa Legas biyu, kuma duk wannan tafiyar ba ka bar gefen gabas na ƙasar ba.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe taswirar a ka ita ce wadda ake koya wa yaransu a makaranta: ƙasar matakala ce mai hawa uku, tana gangarowa daga yamma zuwa gabas. Hawa na sama shi ne tudun Tibet da Qinghai, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000 daga doron teku. A bakinsa na kudu tsaunukan Himalaya suke, da dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, Everest, wanda Sinawa ke kira Qomolangma, a kan iyakarsu da Nepal. Hawa na biyu, tsakanin mita 1,000 zuwa 2,000, shi ya kwashe hamadar Gobi da ta Taklamakan, da makiyayar Mongoliya ta Gida, da tuddan jar ƙasa da rawayar ƙasa na tsakiya inda Xi'an take. Hawa na ƙasa shi ne filayen noma na gabas har bakin teku. Nan Beijing da Shanghai da Guangzhou suke.

Da zarar ka riƙe wannan, sauran abubuwa za su riƙa faɗo maka da kansu. Manyan kogunan ƙasar daga tudun yamma suke tasowa su malala gabas. Kogin Yangtze, mai tsawon kusan kilomita 6,300, shi ne mafi tsawo a nahiyar Asiya. Ka tuna kogin Kwara namu bai fi kilomita 4,200 ba. Rawayan Kogi, mai tsawon kimanin kilomita 5,460, ya samu sunansa ne daga taɓon da yake kwasowa idan ya ratsa waɗancan tuddai, kuma a gaɓarsa daulolin farko na Sinawa suka kafu. Kogin da kake gani a tsakiyar Guangzhou da dare da jiragen ruwa masu fitilu, kogin Lu'ulu'u, shi ne babban na kudu. Inda ruwa da fili suke nan jama'a take. Tun 1935 wani masanin labarin ƙasa mai suna Hu Huanyong ya ja layi a taswira daga Heihe a arewa maso gabas zuwa Tengchong a kudu maso yamma, ya nuna kusan duk mutanen ƙasar suna gabas da layin. Har yau lissafin bai canza sosai ba: kusan kashi 94 cikin ɗari suna zaune a ɓangaren da bai kai rabin ƙasar ba. Yamma faɗi ne da duwatsu da hamada da tafiya mai nisa tsakanin gari da gari.

Akwai wani rabon kuma da zai fi shafar ka a tafiya, rabon arewa da kudu. Tsaunukan Qinling da kogin Huai su ne iyakar. Kudu da su ƙasar shinkafa ce, da ruwan sama da danshi da zafi mai sa gumi, irin wanda ka sani a Guangzhou. Arewa da su ƙasar alkama ce, da taliya da burodin da ake turarawa, iska busasshiya, ga hunturu na gaske. A Beijing cikin Janairu ruwa daskarewa yake yi, tafki ya zama ƙanƙara mutane suna wasa a kai. A Harbin, can arewa maso gabas, sanyi yana sauka har ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, har suna bikin gina gidaje da ƙanƙara duk shekara. A daidai wannan lokacin kuma mutane suna wanka a teku a tsibirin Hainan. Harshe ma haka: yaren Kanton (sunan da Turawa ke kiran Guangzhou) da kake ji a bakin tsofaffin garin mutumin Beijing ba ya fahimtarsa, sai an koma Sinancin gama-gari, wanda kowa ya koya a makaranta.

Wani abin mamaki, duk wannan faɗin agogo ɗaya suke bi, na Beijing, wanda ya riga na Najeriya da awa bakwai. Shi ya sa a Kashgar da ke can ƙarshen yamma, cikin hunturu sai wajen ƙarfe goma na safe rana take fitowa. Don haka kada ka ɗauki lokutan sallar Guangzhou ka tafi da su wani gari. Duk inda ka sauka ka sake dubawa.

Ka fara da garin da kake ciki

Kafin ka sayi tikitin ko'ina, ka ba Guangzhou kwana ɗaya wanda babu ciniki a cikinsa. Garin ya fi shekara dubu biyu, kuma tun zamanin daular Tang jiragen ruwan Larabawa da Farisawa suke zuwa tasharsa. A titin Guangta akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, da hasumiyarsa mai tsawon mita 36 wadda ba ta yi kama da ginin Sinawa ba ko kaɗan, zagayayya ce, sumul, babu ado. Mai yiwuwa ka taɓa Juma'a a masallacin tsohuwar maƙabarta da ke kusa da lambun Yuexiu, inda ake nuna wani kabari a ce na Sayyidina Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne. Wannan riwaya ce da Musulmin Sin suka gada suna girmamawa. Littattafan tarihin Musulunci kuwa sun tafi a kan cewa a Aƙiƙ kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Ina faɗa maka ne don kada ka dawo gida kana bayar da labarin a matsayin tabbas. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Musulunci ya shiga wannan gari ta hanyar fatauci fiye da shekara dubu da suka wuce, ta hannun mutane masu sana'a irin taka.

Da yamma ka hau hasumiyar Kanton, mai tsawon mita 600, ka ga garin daga sama. Shi ke nan, ya isa.

Hanyoyin da ke gabanka

Hanya huɗu nake gani, kuma kowacce na da abin da take bayarwa.

Ta farko ita ce gabas: Shanghai, Hangzhou, Suzhou. Yawancin 'yan kasuwa ita suke fara ambata, saboda Yiwu da kasuwar yadi ta Keqiao suna wannan yankin, mutum yana ganin zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Shanghai birni ne da ya cancanci gani. Ka tsaya a bakin kogin Huangpu, bayanka gine-ginen Turawa na zamanin da suka mamaye cinikin garin, gabanka dogayen benayen Pudong, ciki har da mai tsawon mita 632 wanda ya fi kowane gini tsawo a ƙasar. Hangzhou tana da tafkinta na Yamma da gonakin shayi, Suzhou tana da tsofaffin lambuna da magudanan ruwa a tsakiyar gari. Amma ban ba ka shawarar wannan hanya a wannan karon ba. Dalili na farko, wanda ya saba da Guangzhou da Shenzhen ba zai ga baƙon abu sosai a Shanghai ba, benaye ne da fitilu da manyan kantuna. Dalili na biyu, na sha gani: ɗan Kwari in ya ji ƙamshin Keqiao, hutu ya ƙare, an koma duba samfur.

Ta biyu ita ce tsakiya da kudu maso yamma: Chongqing, birnin da aka gina a jikin duwatsu a kan Yangtze, da Chengdu inda ake kiwon dabbar panda, da duwatsun Zhangjiajie masu tsaye kamar ginshiƙai. A kan Yangtze ɗin ne madatsar ruwa ta Kwazazzabai Uku take, wadda ƙarfin wutarta ya kai megawat 22,500, alhali ta Kainji 760 ce. Yanki ne mai kyau, sai dai abincinsa yaji ne mai tsanani kuma alade ya yi yawa a cikinsa. Ka bar shi sai ka ƙara sabawa.

Ta uku ita ce arewa maso yamma, tsohuwar hanyar fataken siliki: Lanzhou, Linxia, Jiayuguan inda Babbar Ganuwar Sin ta zamanin daular Ming ta tuƙe, Dunhuang a bakin hamada, har zuwa Xinjiang. A nan ne Musulmi suka fi yawa, kuma a nan Bahaushe zai fi jin kamar yana kusa da gida: rairayi, raƙuma, tsire, gurasa, farar hula. Amma tafiya ce mai tsawo. Jihar Xinjiang kaɗai ta fi Jamhuriyar Nijar girma. Kuma ba zan ɓoye maka ba, yanki ne mai tsananin matakan tsaro da bincike. A watan Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa an tauye haƙƙoƙin 'yan ƙabilar Uyghur da sauran Musulmin yankin ƙwarai, gwamnatin Sin kuma ta musanta. Wanda bai iya yaren ba kuma tafiyarsa ta farko ce, ba zan tura shi can shi kaɗai ba. Tibet kuwa baƙo ba ya shigarta da biza kawai, sai da izini na musamman ta hannun kamfanin yawon buɗe ido, ga shi birnin Lhasa yana kan tsayin mita 3,650, inda numfashi yake wuya ga mai hawan jini ko ciwon zuciya.

Ta huɗu, wadda nake ba ka shawara, ita ce ka haura daga kudu zuwa arewa: Guilin, Xi'an, Beijing. Da wannan layin za ka ga ƙasar shinkafa da ƙasar alkama, ka ga halitta, ka ga tarihi, ka ga fadar mulki, kuma biyu daga cikin garuruwan uku suna da tsofaffin unguwannin Musulmi.

Guilin

Kusan awa uku ce daga Guangzhou a jirgin ƙasa mai sauri. Ka ciro takardar yuwan 20 daga aljihunka ka juya bayanta. Waɗannan duwatsun da kogin da mai kwalekwale, kogin Li ne tsakanin Guilin da Yangshuo. Ana shiga jirgin ruwa da safe a gangara kusan kilomita 80, duwatsu masu tsini lulluɓe da ganye suna wucewa dama da hagu, ɓauna na kiwo a bakin ruwa. Ka kwana a Yangshuo, ka zaga ƙauyuka ka ga yadda manomin shinkafa yake rayuwa. Kwana uku sun isa. A nan ne abincin halal zai fi yi maka ƙaranci, don haka ka ci ka ƙoshi a cikin Guilin, inda akwai masallaci da gidajen abincin Musulmi, ka riƙe guzuri don ranar kogi.

Xi'an, inda nake so ka daɗe

Daga Guilin ka hau jirgin sama, awa biyu ce. Idan za ka rage kwanaki a wani wuri, kada ka rage a nan. Xi'an ita ce tsohuwar Chang'an, fadar daulolin Han da Tang, kuma daga nan ayarin fataken siliki yake tashi zuwa yamma.

A 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya a gabashin garin suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi na yumɓu. Da aka tona sai ga runduna guda a ƙarƙashin ƙasa: sojoji da aka ƙiyasta sun kai 8,000, kowane tsayin mutum, da dawakai da karusai, a jere sahu-sahu. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗa ƙasar a ƙarƙashin mulki ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa aka yi su don su tsare kabarinsa. Na kai mutane wurin nan sau da yawa, kuma kusan kullum abu ɗaya ke faruwa: ana shiga babban ramin farko sai hira ta ɗauke. Wani dattijo da na raka ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni a hankali, duk wannan runduna ba ta hana shi kwanciya shi kaɗai ba. Ka lura da fuskokinsu, babu biyu da suka zama ɗaya, har ɗinkin tafin takalmin maharbin da ya durƙusa an fitar da shi.

Sai ganuwar gari. An gina ta a ƙarni na 14, kewayenta kusan kilomita 14, tsayinta mita 12, kuma samanta yana da faɗin da ake hayar keke a zagaye gari a kai. Duk Bakano da na hau da shi wurin nan sai ya yi maganar badala. Ni ma ranar da na fara hawa zuciyata ta yi nauyi, don na tuna yadda ake yankar tamu ana gini a kai, alhali ga wasu sun riƙe tasu, tana kawo musu baƙi daga ko'ina a duniya.

A tsakiyar gari, bayan hasumiyar ganga, unguwar Musulmi take, ta 'yan ƙabilar Hui. Babban masallacinsu ana danganta kafuwarsa da shekarar 742, ko da yake yawancin ginin da ke tsaye na zamanin Ming ne. Idan ba a gaya maka ba ba za ka ce masallaci ne ba: farfajiya bayan farfajiya, ƙofofin katako, rufi mai lanƙwasa, itatuwa, sai ka matsa kusa ka ga ayoyi an sassaƙa da rubutun Larabci mai salon alƙalamin Sinawa. Zauren sallah Musulmi kaɗai ke shiga, don haka ka yi sallama ga mai gadi, zai gane. Na taɓa yin magariba a nan kusa da wani tsoho mai farin gemu. Bayan an idar ya riƙe hannuna da hannu biyu ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, bai san inda take ba, amma bai sake ni ba sai da ya kai ni gidan abincin ɗansa. Abin da aka kawo mana shi ne abincin garin da ake ji da shi: a ba ka gurasa mai tauri ka marmasa da hannunka a kwano, a zuba romon rago a kai. Kada ka bar Xi'an ba ka ci shi ba.

Musulmin Sin mazhabar Hanafiyya suke bi. Za ka ga suna jinkirta la'asar fiye da yadda muka saba, ba a kuma ɗaga murya da amin. Ka bi liman kawai, babu wanda zai tsangwame ka. Kwana huɗu nake so ka ba wannan gari.

Beijing

Awa huɗu da rabi zuwa shida ce daga Xi'an a jirgin ƙasa, gwargwadon wanda ka samu. Wurare uku ne wajibi. Na farko tsohuwar fadar sarakuna, wadda aka kammala a 1420, sarakuna 24 na daulolin Ming da Qing suka zauna a ciki, har aka fitar da na ƙarshensu, Puyi, a 1924. Daga ƙofar kudu zuwa ta arewa kusan kilomita guda ne, kuma da ƙafa ake bi. Ba a buɗewa ranar Litinin, tikiti kuma ta intanet ake saye da lambar fasfo kwanaki kafin ranar, yana ƙarewa da wuri.

Na biyu Babbar Ganuwa. Ba katanga ɗaya ba ce kamar yadda ake zato. Ganuwoyi ne da dauloli daban-daban suka gina don tare mahayan arewa, kuma awon da hukumominsu suka sanar a 2012 ya ce jimillarsu kilomita 21,196. Wadda kake gani a hoto ta zamanin Ming ce. Kusa da Beijing akwai Badaling, wadda ta fi sauƙin zuwa kuma ta fi cunkoso, akwai Mutianyu, wadda ta fi natsuwa kuma tana da keken igiya da ke kai mutum sama. Ni Mutianyu nake kai baƙina. Matakalar tana da tsayi kuma ba daidai take ba, in gwiwarka tana damunka kada ka ji nauyin hawa keken.

Na uku unguwar Niujie, wadda masallacinta ya samo asali tun 996. Ka tsara tafiyarka yadda Juma'a za ta same ka a nan ko a Xi'an. Titin cike yake da mahauta da masu kayan maƙulashe, komai halal. In kwana ya ragu, ka je Haikalin Sama, tsohon wurin bautar sarakunansu, da sassafe, ba don ginin kaɗai ba, don ka ga tsofaffin gari suna motsa jiki da waƙe-waƙe a lambun.

Abinci, takardu da lokaci

Batun abinci ya fi sauƙi fiye da yadda kake tsoro. Cikin ƙabilu 56 da gwamnati ta amince da su, goma Musulmi ne, kuma 'yan Hui sun bazu ko'ina da shagunan taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a zuba romon naman sa. Da wuya ka shiga birnin da babu su. Ka haddace waɗannan haruffa biyu, 清真, ana furta su kamar "cing-jan", ma'anarsu halal. Ka dogara da su fiye da rubutun Larabci, domin a 'yan shekarun nan an cire Larabci daga allunan shaguna da yawa. A gidan abincin da ba na Musulmi ba kada ka yarda da cewa ganye ne kawai, don sau da yawa da kitsen alade ake soya shi.

Fasfonka shi ne tikitin jirgin ƙasa, shi ne tikitin shiga wuraren tarihi, kada ya bar jikinka. Ana fara sayar da tikitin jirgi kwana 15 kafin tafiya, a manhajar 12306 ko Trip.com. Ka duba sunan tashar da kyau, domin babban gari yana da tasha uku ko huɗu masu nisa da juna, kuma jirgin ba ya jiran kowa ko na minti ɗaya. Ka tabbatar Alipay ko WeChat ɗinka suna aiki kafin ka bar Guangzhou. Ka kama otal tun kafin ka isa, ka kuma tabbatar suna karɓar baƙin waje. Na taɓa isa wani ƙaramin gari da dare da mutum uku, otal biyu suka mayar da mu, sai a na uku muka samu makwanci. A wuraren da ba su saba ganin baƙar fata ba za a kalle ka, wasu su nemi hoto da kai. Yawanci son sani ne, in ba ka so ka ɗaga hannu ka ƙi cikin ladabi.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne kwanakin bizarka. Ka ƙirga su tun daga ranar da ka shiga, ka tabbatar mako biyun nan suna ciki. Wuce wa'adi tara ce ta yuwan 500 a kowace rana, kuma yana iya kai mutum ga tsarewa da hana shi dawowa, wanda ga mai kasuwa irin taka asara ce babba. Ka sani kuma leƙawa Hong Kong ko Makau fita ce daga ƙasar a lissafin biza. Ƙa'idojin biza da farashin tikiti suna canzawa, shi ya sa ban sa maka kuɗi ba. Waɗannan ka tabbatar da su a ofishin biza da kuma manhaja a makon da za ka tafi. Shawarata kuma ta mai lafiya ce da zai iya yini yana tafiya da ƙafa. In da iyali za ka tafi ko da dattijo, ka cire Guilin ka raba kwanakin tsakanin sauran biyun.

Lokaci mafi daɗi shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, wanda ya yi daidai da baje kolin Kanton. Ka guji makon farko na Oktoba, da kwanakin farko na Mayu, da bikin sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. A waɗannan ranaku ƙasar gaba ɗaya take tashi tafiya, ba tikiti, ba ɗaki, a kan ganuwa kuwa ko wurin sa ƙafa babu. In Nuwamba ta same ka a Beijing, ka sayi rigar sanyi mai kauri tun a Guangzhou, don babbar riga da suwaita ba za su tare wannan iskar ba.

Idan jirginka na komawa gida daga Guangzhou zai tashi, kada ka dawo ta sama. Ka shiga jirgin ƙasa na safe daga tashar Beijing ta Yamma, ka nemi kujerar taga. Awa takwas ce zuwa goma. Za ka fara da filayen alkama da masara shimfiɗe har iyakar gani, ka tsallake Rawayan Kogi dab da Zhengzhou, ka tsallake Yangtze a Wuhan, daga nan ƙasa ta fara kore, fadamun shinkafa da tafkunan kifi su bayyana, bayan Changsha jirgi ya riƙa shiga cikin duwatsu yana fita, kafin magariba ko jim kaɗan bayanta kana tashar Guangzhou ta Kudu. Ka riƙe abincinka daga Niujie, akwai ruwan zafi na shayi a kowane tarago. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, Alhaji.